Ƙwaryar Furar da Aka Cika wa Falalu

"Ban ce sai kin auri wani ba, Uwata. Amma shi kam ba zan ba shi ke ba."

Malam Shu'aibu bai ɗaga murya ba, bai kuma daina gyaran igiyar da ke hannunsa ba. Hamdiya na durƙushe a bakin rumfa, kanta a ƙasa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran ta da wani suna ba sai Uwata, kuma duk Gazawa an san ba ya iya ganin hawayenta. Yau sai ga shi yana kallon igiya.

"Baba, an yi masa aiki."

"Na ji. Baffanki Tsoho ya je Gidan Rumji da ƙafarsa bayan aikin. Abin da ya gani da idonsa ya faɗa mini."

Ta san abin da Baffa ya gani. Ya faɗa a tsakar gidan nan, bai rage komi ba: ƙyallaye shanye a igiya bayan ɗakin Falalu, saurayin da take so, irin waɗanda ake yi wa jarirai kunzugu da su. Maƙwabta sun ce tun da ya dawo daga Tunis bai shiga sahu a masallaci ba. An sayar da gonar gado an kai shi ƙasar Larabawa, ya dawo yana yoyon fitsari kamar yadda ya tafi.

Kafin hatsarin, Falalu ma'aikacin noma ne, kullum yana kan moto, babur ɗin aikinsa, tsakanin ƙauyuka. Tare suka yi jami'a a Maradi. Wata rana kusa da Sae Sabuwa amalanken jaki ya faɗo masa kan hanya, ƙugunsa ya karye, hanyar fitsarinsa ta tsage. Ƙashi ya haɗe, aka ɗinke hanyar, amma naman da ke riƙe fitsari bai sake aiki ba.

"Tun bara na ga alama," in ji Malam. "Yaro ya zo gaishe ni, aka kawo masa ruwa, ya ɗora a leɓe ya ajiye. Aka kawo fura, ya ce ya ƙoshi. La'asar ta yi, na ce ya shiga gaba, ya ja da baya. Mazan yayyenki duka biyu sun ja ni salla a zauren nan kafin in ba su. Na ɗauka raini ne ko rashin karatu. Ashe abin ya fi haka."

"Tsoron kada ya ɓata maka tabarma ne ya hana shi sha, Baba."

"To ai kin faɗa da bakinki."

Ya miƙe, ya rataya igiyar a kafaɗa, ya fita wajen dabbobi.

Mahaifiyarta, Inna Kubra, na ɗaki tana jin su. Da Hamdiya ta shiga, ta tarar da ita zaune bakin gado, ta tasa kwanon gero a gaba ba ta tsince ko ƙwaya ba.

"Zauna nan."

Ta zauna a ƙasa.

"Kin san Safina."

"Na san ta, Inna."

"Ba ki san ta ba. Kin san tsohuwar da ke ba ki gyaɗa. Ni na san ta tana da shekarunki. Ƙanwata ce, ciki ɗaya. Haihuwar fari ta bar ta da yoyo, mijinta ya ɗora ta a amalanke ya maido ta gidan ubanmu, ko sauka bai yi ba. Ni na yi mata wanki. Kafin kaji su sauko nake fita da zannuwanta, don kada mata su gani a rijiya. Hannuwan nan sun tsage da sabulu. Biki ba ta zuwa, suna ba ta zuwa, in ta zauna a wuri sai ta ɗauke tabarmarta ta tafi da ita."

Inna ta ture kwanon geron gefe.

"Ban kai ki lakol ba, ban sayar da awakina kin yi jami'a ba, don ki ƙare a bakin bahon wanki. Abdurrahaman ɗan Baffanki ne, jininki ne, yana da shago a Agye, lafiyarsa lau. Me ya rasa?"

"Bai rasa komi ba, Inna. Ba na son sa ne kawai."

"So." Inna ta goge ido da bakin zane. "Kuma wa ya san inda ciwon ya tsaya? Wurin duk ɗaya ne. Ki shekara biyar ba ɗa, ki zo ki ce mini so."

Kunya ta rufe Hamdiya har ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ba mai yawan magana ba ce, ko a ajin da take koyarwa ɗalibai kan ce sai an kasa kunne ake jin Madam. Amma ta ɗago.

"Inna, in tambaye ki?"

"Tambayi."

"Ranar da aka maido Inna Safina, wa kika tsine wa? Ita ko mijin?"

Inna ta kau da kai. Hamdiya ta ci gaba.

"Kullum kina cewa da ɗan halak ne da ya zauna da ita. Tun ina ƙarama nake jin haka a bakinki. Yanzu kuma so kike in hau amalanken in ƙi sauka."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Tana kai ƙofa ta ji Inna ta fashe da kuka a bayanta.

Washegari da aka fita shan iska a lakol, makarantar da take koyarwa, ta koma ƙarƙashin bishiyar bedin da ke bayan buro, ofishin malamai, ta kira Falalu a talhonta na hannu.

"Madam Hamdiya," in ji Falalu. "Wa ya taɓa mini ke? Na ji hancinki a toshe."

"Mura ce."

"Murar Gazawa mai zuwa da Baffa Tsoho?"

Ta yi dariya ba ta shirya ba, sai kuma kukan ya biyo baya. Ta faɗa masa duka, har igiyar shanya.

"Bai yi ƙarya ba," ya ce. "Abin da ya gani ke nan. Na hango shi ta taga yana ƙirga ƙyallayena kamar mai sayen fata."

"Kada ka yi wasa da wannan."

"To na bari. Saurara. Da ya shigo ya tambaye ni, da na faɗa masa. Abin da suka sa mini, ba a kunna shi ranar aiki. A kashe ake barin sa wajen sati shida, sai ciki ya warke, kumburi ya sauka. Duk lokacin nan mutum yana nan yadda yake, da ƙyallensa da komi. Baffanki ya zo a tsakiyar jiran. Ya tambayi mai shayi, ya tambayi ladan, ni ne kawai bai tambaya ba."

"Ai ba a tambayar mai neman aure. Maƙwabta ake tambaya."

"Na sani. Maƙwabta kuwa ba su san cikin marata ba."

Ta share fuska. "Yanzu fa?"

"Na je Yamai, likita ya kunna. Hamdiya, tun ranar ban ɗaura komi ba. Jiya na sha shayi kofi uku don mugunta kawai."

Ta jingina da bishiyar ta rufe ido.

"Ki roƙa mini Malam abu guda," ya ce. "In zo in gaishe shi, in zauna daga azahar zuwa la'asar. In ya kore ni bayan nan, na tafi. Kuma a dama mini fura."

"Kaɗan zan sa."

"A'a. Ki cika ta."

Sai da ta kwana biyu tana juya maganar kafin ta iya faɗa wa mahaifinta. Ya daɗe yana kallon ta.

"Ranar Lahadi Baffanki zai zo daga Agye da Abdurrahaman," ya ce. "In yana iya zama a gabansu, ya zo."

Ranar Lahadi gari ya yi zafi tun hantsi. Motar Abdurrahaman ce ta fara tsayawa a ƙofar gida, ya sauke buhun shinkafa da katan ɗin sabulu, ya shiga ya gaida Inna kamar ɗan gida. Da ya ga Hamdiya a bakin murhu ya tsaya.

"Ƙanwata, an ce yau muna da baƙo. In kawo leda a shimfiɗa?"

"Ka kawo, Yaya," ta ce ba ta ɗago ba. "Na ga motarka na ɗigar da mai a ƙofar gida."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya fita.

Falalu ya iso bayan azahar a motar haya. Ta hango shi ta ramin da ke jikin katangar zaure, wanda tun suna yara suke leƙen baƙi ta nan. Farar shadda ya sa, fara sol, riga da wando. Ta gane da gangan ya zaɓe ta. Ya rame, amma tafiyarsa ta sake. Bara yana tafiya yana matse ƙafafu kamar mai taka ƙaya, yau kuwa ya tako kamar kowa.

Ta ɗauko ƙaramar ƙwarya za ta dama fura. Inna ta karɓe ta daga hannunta, ta sauko da babbar, wadda ake kai wa masu noma gona. Ta murje fura, ta zuba nono, ta ƙara ruwan randa har ya kusa taɓa baki.

"Kai masa. In gaskiya ce, mu gani. In ƙarya ce, ki gani da idonki, ki huta."

Hamdiya ta ɗauka da hannu biyu. Ta yi sallama, ta durƙusa, ta ajiye a gaban Falalu. Sabuwar tabarma aka shimfiɗa masa shi kaɗai, nesa kaɗan da buzun Malam. Ba ta dube shi ba. Ta koma ta manne ido a ramin katanga.

"Bisimilla," in ji Malam Shu'aibu.

Falalu ya ɗauki ludayi. Ya sha, ya sha, ya ajiye ludayin ya ɗaga ƙwaryar da kanta. Baffa Tsoho ya bi maƙogwaronsa da kallo. Da ya sauke, ɗan abin da ya rage bai fi a ba kyanwa ba.

"Alhamdu lillahi. Malam, wagga ita ce furar da na bari bara. Na zo in biya."

Gefen bakin Malam ya motsa, amma bai yi dariya ba.

Aka shiga hira. Aka yi ta gero, aka yi ta tsutsar da ta ci wake a Agye, aka yi ta tsadar taki. Abdurrahaman ya yi ta duba agogo yana duban farin wandon. Inuwar ƙofa ta matsa daga bakin zaure zuwa tsakiya. Ƙafar Hamdiya ta yi sanyi don tsayuwa, ba ta motsa ba. Can ta ji numfashi a bayanta. Inna ce, ta zo da tsintsiya a hannu kamar mai shara.

Baffa ne ya gaji.

"Yaro, mu bar kewaye-kewaye. Na je garinku, na ga abin da na gani."

"Ka gani, Baffa. Lokacin ba a kunna shi ba."

"Kunna me? Mutum ne kai ko rediyo?"

Abdurrahaman ya tuntsire da dariya. Falalu ya jira ya gama.

"Malam, in ka yarda in yi bayani. Akwai maganar da ba ta dace da gaban manya ba, amma ɗiyarka nake nema, bai kamata in ɓoye maka komi ba."

"Faɗi."

"Abu uku suka sa mini a jiki, duk a ciki, ba a ganin ko ɗaya. Akwai wani zobe mai laushi da ya zagaye hanyar fitsari, cike da ruwa, shi ke matse ta kamar yadda naman jiki ke yi wa mai lafiya. Akwai 'yar jakar ruwa a mara. Sai ɗan famfo ƙarƙashin fata, a ƙasa. In na ji fitsari, in je bayi in matsa famfon, ruwan zoben ya koma jaka, hanya ta buɗe. In na gama, bayan 'yan mintoci ya koma ya rufe da kansa. Ba wuta, ba batir."

"Ikon Allah," in ji Malam a hankali.

"Ba zan ce maka na koma kamar da ba. In na ɗaga buhu mai nauyi ko na yi tari mai ƙarfi, ɗigo na iya fita. Doguwar tafiya a moto an ce in rage, shi ya sa na koma aikin buro. Kuma abin ƙirar hannu ne, yana tsufa. Wata rana, bayan shekaru, ana iya sake buɗe ni a canza shi."

"Ka ji ko," in ji Baffa. "Da bakinsa."

"Akwai wanda ya fi wannan. In na faɗi ban san inda nake ba aka kai ni asibiti, kada a sa mini robar fitsari sai an kashe shi, in ba haka ba zai yi mini rauni. Dole wani na kusa da ni ya sani, ya faɗa a madadina."

A bayan katanga Hamdiya ta motsa leɓe ba sauti. Ni ce. Inna ta gan ta.

Baffa ya gyara zama, ya rage murya, amma ba yadda za a kasa ji ba.

"Ɗaya maganar fa? Ɗiya muke bayarwa, ba mai jinya ba."

Falalu ya sunkuyar da kai. Wannan karon shi ma kunyar ta kama shi.

"Na tambayi likita tun kafin ku tambaye ni. An duba, an ce lafiya lau. Haihuwa kuwa ta Allah ce, Baffa, gare ni da wanda bai taɓa faɗuwa a moto ba."

Abdurrahaman ya daina murmushi.

Jim kaɗan Falalu ya nemi buta. Malam ya nuna masa bayin baƙi da ke gefen zaure. Falalu ya miƙe, ya juya baya, farar shaddar nan ba tabo ko na ƙwayar gero.

Yana fita Baffa Tsoho ya miƙa hannu ya shafa tabarmar, daidai inda ya tashi. Ya shafa da tafi, ya juya ya shafa da bayan hannu, har ya ɗaga gefenta ya duba ƙasa.

"Tsoho."

Baffa ya ɗago.

"A zaurena? Baƙona?"

"Yaya, ai dubawa..."

"Sauke tabarmar."

Ya sauke. Hamdiya ba ta taɓa jin mahaifinta ya yi wa ƙaninsa magana da wannan muryar ba.

Ladan ya kira la'asar. Malam ya ce a nan za su yi, kamar yadda ya saba in yana da irin wannan baƙo. Suka yi alwala a ƙofar zaure. Abdurrahaman ya gyara hula ya matso kusa da buzu, don shi ma ya san al'adar gidan. Malam ya ta da iƙama da kansa, ya ja da baya, ya sa hannu a kafaɗar Falalu ya tura shi gaba.

Falalu ya tsaya kan buzun. Tun ranar hatsarin bai tsaya gaban kowa ba, ko yaran gidansu. Ya ja numfashi, ya ɗaga hannu.

"Allahu akbar."

Muryar ta fito cikakkiya. Baffa ya yi jim, sannan ya ɗaga nasa hannun, don ba yadda zai yi.

Tsintsiya ta faɗi daga hannun Inna. Ta juya da sauri ta shige ɗaki.

Bayan an sallame, Hamdiya ba ta ji abin da aka faɗa ba, don Malam ya jawo ƙofar zaure. Ta dai ji muryar Baffa ta tashi, ta ji an buga ƙofar mota, ta ji motar ta fita da gudu. Can kuma ta ji mahaifinta na raka Falalu yana cewa ya gaida manya.

Malam ya shigo da ƙwaryar a hannu. Bai dubi 'yarsa ba, ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna.

"Na ce wa yaron ya turo magabatansa."

Hamdiya ta dafa bango.

"Sai dai Tsoho ya rantse. Ya ce in shi ne waliyyin 'ya'yana, to wannan auren ba da bakinsa ba, kuma ƙafarsa ba za ta sake taka gidan nan ba. Kin san ni ba na ba da 'yata da kaina ƙanina na raye. Ba a taɓa yi a gidanmu ba."

Hamdiya ta dubi labulen ɗakin Inna.

Labule ya motsa. Inna ta fito, idanunta jajur, ta karɓi ƙwaryar daga hannun mijinta. Ta duba cikinta, ta juya ta, ko ɗigo bai zubo ba.

"Motar Agye da wane lokaci take tashi da safe?"

"Me za ki yi a Agye?" in ji Malam.

"Ni na yi wa Tsoho wanki yana ɗan lakol, lokacin da aka kawo ni gidan nan. Har ya yi wayo yana jiƙa shimfiɗa, ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko kai." Ta miƙa wa Hamdiya ƙwaryar. "Wanke wannan ki kife. Ki fito mini da mayafina mai ruwan toka. Gobe zan je in ji ko ya manta."